Soket Ɗin Bayan Inji

Anti Felicitas,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya su Dachung, ya sanyin nan? Ni ce Hosana mai wanke kwalabe. Na kira sau huɗu ba ki ɗaga ba, WhatsApp ma shiru, shi ne na rubuta na ba mai keke ya kawo miki Dutse Uku. Lab, ɗakin gwajin namu, ba daɗi tunda Oga ya ce ki zauna a gida. Wai me injin ya yi ne? Na ji faɗan amma ban gane ba.

Taki,
Hosana

Hosana,

Muna lafiya, na gode. Kin tuna man shafawan da aka kawo mu gwada? Magani biyu muke nema a ciki, betametason da deksametason, kamar tagwaye suke. Injin yana tura su ta wani siririn bututu, kolum, ɗaya ya riga ɗaya fitowa, sai mu ga tsauni biyu a kwamfuta. Sati uku ke nan, yau biyu, gobe su haɗe su zama ɗaya. Na sake haɗa ruwan, na tace, na canza kolum, duk a banza. Oga ya ce hannuna ne, ran Litinin zai ba wani kujerata. Akwatin da ke ɗumama kolum ne kawai ban iya dubawa ba, allon da ke nuna zafinsa ya mutu tun bara, kuma in ba zafi maganin biyu ba sa rabuwa. Amma wa zai taɓa shi?

Ki gaida Mama.
Felicitas

Anti,

Ina kwana. Tun jiya ko tuwo ya ƙi shiga. Anti, ni ce.

Transifoman layinmu a Anguwan Rukuba ya ƙone sati uku da suka wuce. In na zo shara da safe wayata a mace, sai in cire baƙin filogin nan na bayan inji in sa caja. Wata rana in tuna in mayar, wata rana sai an tashi. Wallahi na ɗauka na firinta ne, ashe na akwatin da kika ce ne. Ranar da kika kifa kai a kan tebur, wayata tana bayanki tana caji, ni ina ta ce miki sannu.

Ke kika roƙa mini aikin nan. In Oga ya ji zai kore ni, na sani. Na rubuta wannan na yaga sau biyu. Ki yi yadda kika ga dama, amma ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Hosana

Hosana,

Na samu. Na roƙi Oga gwaji ɗaya, ban faɗi dalili ba. Litinin ƙarfe bakwai ki same ni a lab, mu jona akwatin, mu bari ya yi zafi, mu gwada sau uku. In tsauni biyu sun fito, da bakinki za ki gaya masa. Ban san me zai yanke ba. Zan tsaya kusa da ke.

Ki ci abinci.
Felicitas