An Kashe Mini Miji a Takardar Neman Tallafin Karatu

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin bakina ya furta abin da zai raba zumunci.

'Yata ta fari ta gama sakandare da sakamako mai kyau, tana neman shiga wata jami'a da ake rububinta, dubu su nema a ɗauki ɗari. Kuɗin makarantar ya fi ƙarfinmu, sai dai in ta samu tallafin karatu, kuma cikin sharuɗɗan akwai rubuta tarihin kai. Wata guda yarinyar nan tana fama. Ta rubuta yadda ta koyi lissafi a shagon babanta, kafinta ne, tana riƙe masa tef yana auna katako, har ta fara kama shi da kuskure. Da ta karanta mana sai da na share hawaye.

Sai muka kai wa baffanta, yayan mijina, tunda shi ke cike wa mutane fom a shagonsa na kwamfuta, wai ya duba mana. Ashe kura muka ba ajiyar nama. Takarda ta dawo babu shago, babu tef, babu katako. Wai ita marainiya ce, ubanta ya rasu tana 'yar shekara tara, ni kuma da wankau nake ciyar da su. Ƙaninsa fa, uwa ɗaya uba ɗaya! Tir! Har bugun ƙirji yake wai bara marayu huɗu ya ƙera, uku sun samu, kuma ya san mai buga takardar shaidar mutuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, maigidan nawa ya yarda. Wai in mutuwarsa a takarda za ta kai 'yarsa makaranta, a kashe shi sau goma. Ita kuwa yarinyar ta daina haɗa ido da shi. Saura kwana biyar a rufe karɓa. In na hana ta rasa, a ce ni na toshe mata hanya. In na yi shiru, da wane ido zan kalli mijin nan nawa? Ya zan yi?

Matar Mai Rai

'Yar'uwa, ni ma da na karanta sai da na ja tsaki. Amma mu yi adalci: baffa ba ƙiyayya ta sa shi ba, ya saba da ƙazamar hanya ne har ya daina jin warinta. Maigidanki kuma ƙauna ce ta rufe masa ido, kada ki haɗa shi da faɗa.

Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu tantancewa sukan kira yaro su yi masa tambayoyi, kuma ranar da asiri ya tonu, gurbin da tallafin duk za su iya tafiya, ko da ta fara karatu. Ga kuma haƙƙin marayun gaske da za a ci.

Yau ɗin nan yarinyar ta canza lambar sirrin shafinta na cike fom a intanet, kada baffa ya tura tasa takardar. Ta kai wa malaminta rubutunta na asali ya gyara kurakurai kawai. Ku faɗi ainihin abin da shagon ke kawowa, shi ma ya isa nuna buƙata. Ta kuma nemi wasu makarantu biyu ko uku, domin ba zan ce miki lallai za ta samu wannan ba.

Shi kuwa maigida, ki same shi ku biyu ki yi masa tambaya ɗaya cikin ruwan sanyi: ranar da za a yaye ta, a matsayin wa zai shiga zauren?

Allah ya ba 'yar kafinta sa'a, ya ja kwanan babanta ya ga ranar da idonsa.