Na Ci Mutuncin Wan Matata A Kan Ƙwan Fitila

Malam Jibrin, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara. Na tafka wauta, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa a garinmu, shi ya sa na ɓoye sunana.

Ni malamin dabbobi ne, ina zaune a Gwandu, aiki yana kai ni Kalgo sau uku a mako. Shekara biyu ke nan da na sayi wata tsohuwar Fijo, kuma tun daga ranar ban sake zama mai hankali ba. Kowace Juma'a da hantsi sai na wanke ta, na buɗe gaba, na ciro ƙwayayen fitilar nan biyu na goge su da yatsuna, sannan na ɗan shafa musu basilin don su yi ƙyalli. Ban taɓa ganin wani yana haka ba, sai na ɗauka na fi kowa sanin darajar mota ne.

Ga kuma gaisuwa. Ba na iya wuce mutum a hanya ban ƙifta masa fitila sau biyu ba. Direba, mai keke, makiyayi da shanunsa, kowa yana samun rabonsa. Akwai ranar da na gai da jaki, bisa zaton mai shi yana bayansa. Ranar kasuwa kuwa da fitila a kunne nake shiga Kalgo da rana tsaka, don a san malam ya iso.

To, a shekara ɗaya ƙwai tara suka mutu. Mai sa min su shi ne Bawa, wan matata Huseina, wanda ke gyaran wayar mota a Kalgo. Mutumin kirki ne, shi ya tsaya min lokacin aurena. Sau biyu yana ce min in daina taɓa gilashin ƙwan. Na yi dariya a raina, wai mutumin da bai taɓa shiga aji ba zai koya wa mai satifiket tsafta.

Ranar da na tara ya mutu, na je rumfarsa bayan la'asar, ga abokan hirarsa a zaune kan benci. A gabansu na ce jabu yake sa min, kuma wanda ya cuci mijin ƙanwarsa babu wanda zai bari. Bawa bai rama ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce in sauka gida lafiya.

Na kai motar Birnin Kebbi wurin wani gwani, ina ta hura hanci. Yana ciro ƙwan ya ga baƙin tabo a gilashin, ya tambayi wane mahaukaci ne yake shafa masa mai. Malam, na ce wani maƙwabcina ne. Har na taya shi zagin maƙwabcin.

Wata huɗu ke nan. Huseina ba ta ce min uffan ba, amma yanzu idan za ta gidan wanta motar haya take shiga, ga tawa a ƙofar gida. Wannan ya fi zagi yi min ciwo. Na yi ƙoƙarin shiryawa iyakar jarumtata: duk wucewa ta gaban rumfarsa sai na rage gudu na ƙifta masa fitila. Bai taɓa ɗagowa ba, kuma a haka ƙwai na goma ya tafi.

Yanzu saura mako uku Bawa ya tafi aikin hajji. Ina tunanin in aika masa da rago ta hannun Huseina, ba sai an yi magana ba. Hakan zai wadatar? Ina kewarsa ƙwarai, amma bakina ya yi nauyi.

Naka,
Mai Fijo, Gwandu

Mai Fijo, wa alaikumus salam. Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma mutumin da ya iya ba da labarin wautarsa haka bai lalace ba.

Mu fara da mai sauƙin. Irin wannan ƙwan yana zafi sosai, kuma duk inda maiƙo ya taɓa gilashin, ko na yatsa ne, nan yake fara lalacewa. Ka bar shi a mazauninsa. In ya zama dole a canza, a riƙe shi ta gindi ko da tsumma mai tsafta. Ka tayar da inji kafin ka kunna fitila, ka rage kunnawa da kashewa babu dalili. Gaisuwa kuma Allah ya ba ka hannu. Sai dai kada ka koma ɗaya gefen, ka ce za ka yi tattali ka riƙa tafiya a duhu bayan magariba, ko cikin hadari. Ka fi ni sanin yadda shanu ke tsallaka hanyoyinku.

Bawa ma da ya bayyana maka dalili, da watakila ka ji. Amma laifinsa ke nan kaɗai, kuma ƙarami ne. Kai kuwa sana'ar da yake ci da iyalinsa ka ɓata, a gaban mutanen da za su kai maganar gaba. Rago ba zai je ya faɗa musu cewa Bawa mai amana ne ba. Kada kuma ka ɗora wa Huseina kayan da ba ita ta ɗaure ba, ta sha isasshen nauyi a tsakaninku.

Ka ajiye mota nesa, ka taka da ƙafarka bayan la'asar, lokacin da bencin ya cika. Ka ce ka yi masa ƙazafi, laifin naka ne, ka roƙi gafara. Za su yi maka dariya, watakila har shekara. Ka jure, ka cancance ta. Amma ka je a makon nan, domin mai tafiya hajji ba shi da tabbacin dawowa, kai ma da za ka zauna ba ka da tabbacin tarbarsa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya.

Malam Jibrin