Kifin da ke Cikin Famfo

Litinin, 3 ga Maris

Na koma ofis. An ɗauke kujerar Yaya, an bar teburinsa. Kowa ya yi mini gaisuwar rashi, na amsa. Ban ji komai ba.

Talata, 4 ga Maris

Babban injiniya ya ba ni zanen famfon da Yaya ya bari a kwamfuta, in shirya shi don gwajin gudun ruwa. Ya ce in bai yiwu ba zuwa Juma'a, za a ajiye shi a sake wani daga farko. Zanen Yaya na ƙarshe ke nan. Na ce zan iya.

Aikin dai goge-goge ne. Cire kusoshi, cire rubutu, toshe mashiga da mafita da marfi, don manhaja ta ware fankon ciki inda ruwa zai bi. Ita ƙarfen bai dame ta ba.

Laraba, 5 ga Maris

Ta ƙi. Wai akwai ɓula, fankon yana yoyo. Na bi kowace mahaɗa, babu.

Mama ta tambaya ko na ci abinci. Na ce e.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yanka zanen gida biyu, na leƙa cikin bututun. Kifi. Ɗan mitsitsi, an zana shi a jikin bango ta ciki, inda babu mai gani. Idonsa ya huda bangon har waje, nan ne yoyon.

Tun muna yara haka Yaya yake, bayan littattafaina duk kifayensa ne. In na yi faɗa sai ya ce, "Ke, ruwa babu kifi ai asarar ruwa ne."

Na toshe idon kawai. Manhaja ta ce sauran layukan kifin sun yi mata ƙanƙanta. Sai an goge duka.

Na tashi ban goge ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na goge. Dannawa ɗaya. Gwajin ya tafi sumul, a allon kwamfuta ruwa ja da shuɗi yana wucewa ta wurin kamar ba a taɓa yin komai a can ba. Babban injiniya ya ce, "Yayanki ya iya aiki." Na shiga banɗaki na daɗe.

Litinin, 10 ga Maris

An ba ni sabon bututu in zana. Na sa kifi a ciki. Bai yi kyau ba, ya fi kama da takalmi, da Yaya ya gani da na sha tsiya. Idon dai bai huda ba.

Na ci abinci yau.