Mai gidana yana kulle mu tare da fetur

Hajiya Uwani, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa ba a ce ina tona asirin aure ba.

Muna zaune a Madabo, can ƙuryar wani lungu da ko amalanke ba ta iya juyawa. Mai gidana direban a-kori-kura ne. Tun lokacin soja da wahalar mai ta yi tsanani yake tara fetur a zaure. Yanzu farar hula sun hau, an ce mai zai wadata, shi dai bai yarda ba, jarka shida ya jera. Watan jiya aka sace ɗaya da rana tsaka. Tun daga ranar, in zai fita sai ya danna kwaɗo ta waje, ya jefa makulli a aljihu, sai magariba. Fetur ɗin yake kullewa, mu abin ya rutsa da mu ne kawai.

Ƙofarmu ɗaya ce. A ciki daga ni sai 'yata mai wata takwas sai Gwaggo, mahaifiyarsa, wadda ciwon ƙafa ya zaunar, kuma ba ta rabuwa da kaskon turaren wuta. Ni ma da risho nake girki. Na yi masa magana, ya ce tun zamanin kakansa gidan bai taɓa yin gobara ba. Na ce ai kakansa da jaki yake sufuri. Kwana biyu bai ci tuwona ba.

Wallahi tsoro nake ji. Shekaranjiya na gwada hawa katanga, na ga zan iya, amma ni kaɗai.

Mai neman mafita, Madabo

'Yar'uwa, mijinki ba mugu ba ne. Wanda ya wuni a layin mai aka sace masa jarka, dole ya ji zafi. Maganar jaki kuwa gaskiya ce, sai dai ba ta fitar da fetur daga zaure ba.

Fetur ba ya zama gida ɗaya da garwashi, tururinsa kaɗai ya isa. Ya nema masa wuri nesa da mutane. Ƙofar da ke da mutane a bayanta kuwa, daga ciki ake kulle ta, a sa sakata ta wadatar. Kafin nan ki cika bokiti biyu da yashi, don ruwa yaɗa wutar fetur yake yi.

Kada ki sake tunkararsa da kanki. Ki zauna ki bayyana wa Gwaggo komai, har da zancen katangar, ita ba zai ƙi cin tuwonta ba. In ya cije, mai unguwa na da hakkin sani, tunda bango ɗaya kuke da maƙwabta, kuma motar kwana-kwana ba za ta shiga lungunku ba.

Gwaggo ta tambaye shi abu ɗaya: in yana bakin kasuwa ya hango hayaƙi ta wajen Madabo, minti nawa zai yi kafin ya iso?

Allah Ya tsare ku, Ya raya jaririya.

Hajiya Uwani