Tanderun Dada

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Baba ya ce za a fasa tanderun Dada, kakata, a kafa tankin ruwa a wurin. Tun da hannunta ya soma rawa ba a ƙara hura shi ba. Kaji ne ke kwana a ciki.

Laraba, 8 ga Mayu
Malama Saliha ta ba mu labarin matan ƙauyukan ƙasar Ailan ta Turai a zamanin da. Wai a tukunyar ƙarfe suke gasa burodi, su zuba garwashi a kan murfin. Na faɗa wa Dada. Ta ce, "Ashe Turawa ma sun sha hayaƙi." Sai ta ce a garinsu Gamawa uwarta ba ta taɓa sayen gurasa ba, daga niƙan alkama har gashi a tsakar gida ake gamawa. Da ma a aji na faɗi cewa mu ma muna da tanderu a gida. Kunya ta hana ni.

Asabar, 11 ga Mayu
Baba ya ce idan akwai mai hura tanderun, a bar shi. Ya dubi Umma, Umma ta dubi ƙasa. Ban san lokacin da na ce "ni" ba. Yaya Jabiru ya yi ta dariya: "Ke da ko ashana tsoronta kike?"

Lahadi, 12 ga Mayu
Kwaɓin ba wuya. Wuyar ita ce a zura hannu cikin tanderu mai zafi, a manna ƙullin a bangonsa. Na jefa daga nesa. Duk suka faɗa toka.
Dada: "Khaulat, ba jifa ake ba. Jiƙa hannun, ki kai shi har ciki."
Na yi kuka a bayan ɗaki.

Asabar, 18 ga Mayu
Sun manne! Bakin tanderun ya ƙone ni a tsintsiyar hannu. Dada ta naɗe hannun rigarta, ta nuna mini tabonta, daidai wurin nawa. Baba ya ci gurasa biyu da miyar taushe. Da la'asar na ga ana auna wurin tanki kusa da darbejiya, nesa da tanderun.

Litinin, 20 ga Mayu
Ƙawata Sadiya ta ga ƙunar a aji, ta tambaya. Ban ja hijabi na rufe ba. Zafi ake yi, shi ya sa.