Rakiyar Baƙon Gidan Roble

Hawd, tsakiyar Yuni, 1960

Zuwa ga yayata Ardo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Hirsi da yara, da ƙafar nan taki mai kumbura in an yi zafi. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Matata Hufan na gaishe ki. Cikinta ya tsufa, ta daina sunkuyawa tatsar awaki, amma faɗa kam ba ta daina ba. Hirsi, na san kai za ka karanta mata wannan wasiƙa, to ka karanta yadda na rubuta, kada ka tsallake inda aka taɓa ka.

Yaya, zama ya gagare ni. Na zauna in tashi, na tashi in rasa inda zan nufa. Direbobi sun ce a Hargesa teloli ba sa ɗaga kai, kowa na son shuɗiyar tuta mai farin tauraro kafin ranar 'yanci. Wallahi ina taya ku murna har zuciyata. Amma mu 'yan ilalo, dogaran Turawa da ke tsaron makiyaya a nan, an ce mu tattara komatsanmu. Baturenmu, wanda muke kira Dogon Wuya, ya tara mu ya ce yarjejeniyar da ta ba mu izinin zama a Hawd tsakanin Ingila ce da Habasha, kuma Habasha ta ce ran da Ingila ta sauke tutarta, ita ma yarjejeniyar ta faɗi. Wato ranar da ku za ku zama masu ƙasa, mu da ke kudancin layin iyaka ba mu san abin da za mu zama ba.

Za ki ce mu koro raƙuma arewa mu huta. Ina za mu kai su? Bana ruwan duk a Hawd ya zuba, arewacin layi ko ƙasa ba ta jiƙe ba. Taguwoyi sun haihu, 'ya'yan ƙafafunsu ba su yi ƙwari ba. Wanda ya ɗauke su daga wannan ciyawa yanzu, ungulu ya yi wa kiwo.

Amma ba wannan ya hana ni sukuni ba. Baba ne. Ya ce zai yi wa Bature rakiya.

Kin san labarin da ya cika mana kunne da shi tun muna yara, yadda kakanmu Roble yana cikin dattawan da suka sa hannu a takardar Turawa a garin Barbara. Su Turawa sun ce takardar kariya ce, su ke kare mu. Baba bai taɓa ganinta haka ba. A wurinsa Roble baƙo ya karɓa, kamar yadda ake karɓar fatake: ka tsaya masa, jininsa na wuyanka, ran da zai tafi ka raka shi har ƙarshen ƙasarka. Ya ce ya gaji baƙon nan tare da raƙuma, kuma ba zai mutu da shi a wuya ba.

Na ce masa, “Baba, mutumin da ka ba masauki, ya yanki rabin gidanka ya miƙa wa maƙwabci ba tare da ya tambaye ka ba, shi za ka yi wa rakiya?”

Ya ce, “Rashin kunyarsa nasa ne. Ni nawa nauyin zan sauke. Kai da ke sanye da gajeren wandonsa, kai ne mai bakin magana?”

Hufan ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Tsorona ɗaya ne, Yaya. In ya ƙetare layi a wannan makon, ban san ko zai iya dawowa wurin raƙumansa ba. Mutumin da bai taɓa yini bai ji kukan taguwa ba, me zai ci a gari, me zai sha? Na roƙi Dogon Wuya a ɓoye, ya yi mini alkawarin zai sauke shi a bakin layi. Ki taya ni addu'a tsohon ya yarda ya sauka.

Ki gaida yara. Ki aiko mini da ganyen shayi in an samu mai zuwa.

Ƙaninki,
Diriye Gedi


Hawd, ƙarshen Yuni, 1960

Yaya Ardo,

Ina gaishe ki, ina gaida Hirsi da yara, da fatan an yi biki lafiya. Barka da 'yanci. Mun ji a rediyon mai shayi cewa an ɗaga tuta, kuma nan da 'yan kwanaki za a haɗe da 'yan'uwanmu na Mukdishu. Na yi kuka, ban ɓoye miki ba, amma ko ni ban san na mene ne ba.

Yanzu dai Baba na gidanki, kin san bai sauka ba. Bari in faɗa miki yadda aka yi, don na san shi ba zai faɗa daidai ba.

Ran tafiya ya iso sansani da sassafe da sandarsa da farin mayafinsa na Idi, da gorar nono da soyayyen nama cikin man shanu, wai guzurin baƙo. Dogon Wuya ya fito yana ta sosa ƙeya. Da Somalinsa mai karkata ya ce, “Gedi, ba sai ka wahala ba. Ai mu ne muke kare ku.”

Baba ya ce, “Da kakanninka suka sauko daga jirgi suna neman naman tumaki don sojojinsu na birnin Adan, wa ya kare wa? Shiga mota, ɗana, rana na yi.”

Ya hau gaba ya zauna kamar shi ya sayi motar. Ni na hau baya da sauran 'yan ilalo. Da muka kai layi, Bature ya cika alkawari, ya tsayar da mota ya zagayo ya buɗe masa ƙofa, ya miƙa hannu zai yi sallama. Baba ya dubi hannun, ya dubi tulin duwatsun da suka jera a dajin, ya ce, “Mene ne nan?”

Bature ya ce iyaka ce.

Baba ya ce, “Iyakar wa? Rijiyoyina na gaba, ciyawata na baya. Nan tsakar gidana ne. A ƙasarku a tsakar gida ake sallamar baƙo?”

Yaya, na ga wuyan mutumin nan ya yi ja har kunne. Ya rufe ƙofar a hankali. Sai a lokacin na gane abin da tsohon ke yi. In ya sauka a nan, ya yarda ke nan nan ne ƙarshen ƙasarsa. Na gane, amma ganewar ba ta rage mini haushi ba, don shi zai tafi da girmansa, ni a bar ni da raƙuma da mace mai ciki da sojojin Habasha.

A nan na sauka. Na tuɓe kakin na miƙa wa sajan tare da bindiga, na ɗaura zanena. An ce mana duk wanda ya bi mota za a ɗauke shi a sojan sabuwar ƙasa, kin kuwa san yadda nake son wannan. Abokan aikina suna ta tsokana, wai Diriye ya zaɓi kashin raƙumi a kan fareti. Baba bai ko waiwayo ba, sai da mota ta tashi ya leƙo ya ce in kula da taguwarsa Gurguwa, tana ƙin ɗanta.

Yanzu roƙona gare ki: ki riƙe shi. Ki ɓoye masa takalma in ta kama. An kafa shinge a kan hanya, sojojin Habasha na tambayar duk mai shigowa, kuma kullum da sabuwar magana. Ki bari ƙura ta lafa tukuna. Hirsi, kai mai ƙaton ciki ne, ka zauna a bakin ƙofa kawai, ba mai wucewa.

Hufan na gaisuwa. Ba na barcin kirki, da rana ma sai in ga ina ƙirga raƙuman da na riga na ƙirga.

Naki,
Diriye


Bakin layi, ƙarshen Yuli, 1960

Yayata Ardo,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya. Hufan ta sauka lafiya, an sami mace, mun sa mata sunan mahaifiyarmu, Awrala. Wasiƙarki ta iso, na ji yadda Baba ya raka Bature har gindin jirgin sama, ya ce masa daga yau ya fita daga wuyan gidan Roble. Na kuma ji yadda ya sulale ya hau motar gawayi lokacin da Hirsi ke sallar Azahar. Ban ga laifinku ba. Hirsi, na yafe maka, amma ka rage tsawon sujada.

Baba na nan bakin shinge, ta gefenku. Bai shigo ba.

Wata mai sayar da shayi a wurin, Dahabo, ita ta aiko mini cewa ga tsohona an tsayar da shi. Na baro raƙuma na zo a guje. Shugaban sojojin wurin ba mugu ba ne, wani ramammen mutum ne mai tari, da alama shi ma ya gaji da dajin. Ta bakin tafinta ya ce umarnin da aka ba shi shi ne, duk wanda ya biyo hanya daga arewa mutumin wata ƙasa ne, sai wani mazaunin wannan gefe ya tsaya masa. Ni kuwa da saurin bakina, don in gama magana mu tafi gida, na ce, “Ni zan tsaya masa. Baƙona ne.”

Yaya, da ma harshena ya karye. Baba ya juyo ya dube ni tun daga ƙafa har kai. Ya ce, “Baƙonka.” Ya maimaita a hankali, “Baƙonka, a Hawd.” Ya ɗauki sandarsa ya koma gindin wata ƙaya kusa da rumfar Dahabo ya shimfiɗa mayafinsa.

Na bi shi na durƙusa. Na ce ai magana ce kawai ta shinge. Na ce dajin nan faɗi gare shi, mutane na zagayawa ta gabas kullum ba wanda ya gan su, in ya yarda kafin la'asar yana cikin raƙumansa. Ya ce da Dahabo, ba da ni ba, “Faɗa wa yaron nan na fita ta hanya da rana tsaka. Ba zan koma ta daji kamar ɓarawon awaki ba.”

Tun ranar bai ƙara yi mini magana ba sai yau. Shinkafar Dahabo ba ta zama masa a ciki, ya rame har zoben azurfarsa na zamewa. Don haka na taso da raƙuma daga tafkin kudu na dawo da su kusa da layi, inda zan iya kawo masa nono da ɗuminsa kowace safiya. Shugaban sojojin nan mai tari na barina in ƙetara da gora, ya ce shi ma yana da uba. Baba na karɓa ya sha, ya miƙo gorar yana kallon wani wuri. Ni dai in ya sha, na samu abin da nake so.

Sai dai ciyawar nan bakin layi ba ciyawa ba ce. An cinye ta tun tuni, sai ɗacin ganye da ƙaya. Taguwoyi sun fara zubewa, ɗan Gurguwa ya mutu shekaranjiya. Ban faɗa masa ba. Na hana Dahabo ma ta faɗa.

Yau da safe ya kurɓi nonon, ya riƙe shi a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa. Sannan ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ranar.

Ya ce, “Diriye, ina ka kai su?”



Ya ci gaba da cewa, “Nonon nan na yunwa ne. Ka baro tafkin kudu da ciyawa har gwiwa, ka kawo su nan suna cin ƙaya don ka shayar da tsoho ɗaya? Gobe ka mayar da su.”

Na ce, “Baba, daga can ba zan iya kawo maka nono ba. Kai fa?”

Ya ce, “Ni me zai same ni? Ba ka ji ba, ina ƙasa mai 'yanci.” Ya shanye sauran, ya goge gorar da gefen mayafinsa ya miƙo mini da hannu biyu. Ya tambayi sunan jaririyar, na faɗa masa, ya jinjina kai. Ya ce kada in sake na bar Hawd ba wutar gidan Roble, ko da ta girkin shayi ce.

Na so in yi masa gardama, amma gaskiya ya faɗa, kuma na san in na ƙi, gobe ko nonon ba zai karɓa ba. Hufan ta riga ta fara kwance bukka. Da asuba za mu kora kudu.

Ki zo, Yaya, ko da ƙafar na ciwo. Ba na jin zai bi ki Hargesa, kada ma ki ɓata bakinki. Ki taho masa da bargo, da akuya mai nono in Hirsi zai samo, ko da yake zai ce nonon akuya na yara ne. Za ki same shi a gindin ƙayar nan ta hannun dama kafin shinge. Dahabo ta ce kullum kudu yake fuskanta, sai in zai yi salla yake juyawa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Diriye Gedi Roble