Na Ce Musu Linkin Na 'Yan Damfara Ne

Assalamu alaikum, masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku ji ni har ƙarshe.

Ni mataimakin hedimasta ne a wata firamare ta wajen Gwiwa, kuma ni ke riƙe da guruf ɗin malamanmu na waya. Tun da can, duk mai neman hutu ko canjin wurin aiki ta hannuna yake bi, ni in kai wa hedimasta, shi ya kai gaba. Kwatsam farkon damina aka turo mini linki daga babban ofis, irin shuɗin rubutun nan da ake dannawa, wai in saka a guruf. Malami na dannawa zai yi magana kai tsaye da jami'ar walwalar ma'aikata, ba sai ya zo wurin kowa ba. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Yaushe aka fara jin tausayinmu haka? Wa ke zaune bayan abin yana karantawa? Taimako ne ko dai hanyar kai ƙarata aka buɗe? Ban saka ba. Da wata malama ta ji labari ta tambaye ni, sai na ce na 'yan damfara ne, kana dannawa sun kwashe duk abin da ke wayarka. Kowa ya tsorata.

Akwai wani dattijo, bari in kira shi Malam Sabo, kullum daga Babura yake zuwa a babur, ga idonsa ya yi rauni. Ya sha ce mini, "Ranka ya daɗe, a sa baki a mayar da ni kusa da gida." Ni kuma in ce, "Baba, maganarka tana sama." Wallahi ko teburin hedimasta ba ta kai ba. Ran nan aka yi ruwa, ya faɗa rami ya karye a ƙafa.

Ranar na danna linkin a ɓoye. Nan take jami'ar ta amsa, ta ce, "Kai ne na farko daga makarantarku, ko malamanku ba su da damuwa ne?" Ta ƙara da cewa ana gab da rufe karɓar masu neman canji, amma dole mai buƙata ya danna da wayarsa. Shin tambaya take yi, ko ta riga ta gane? Yanzu ko dariya malamai suka yi a ofis sai in ga da ni suke.

Na je dubiya. Baba Sabo ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi maka albarka da ka hana mu taɓa abin nan." Ya daɗe yana kallona. Har yau ban san ko addu'a ya yi mini ko ya san komai ba. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

In na saka linkin yanzu, kowa ya san ƙarya na yi, mutuncina ya zube. In na yi shiru aka rufe, Baba yana warkewa zai sake hawa babur ɗin nan, a kan hanyar nan, da idon nan.

Me zan yi?